Babi na Tara: Goyo a Sararin Sama

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gummi zuwa Gusau ya ga yadda uwa take tafiya da ɗanta. Tun mota ba ta cika ba ta kwance goyo ta ɗora shi a cinya, gorar ruwa na gefen ƙafarta, ƙuli-ƙuli na ƙulle a bakin zani. Kafin a kai Ɗaki Takwas ya yi barci. In gargada ta tashe shi wajen Anka ta ba shi nono, in ya fara ƙorafi a mararrabar Mayanci ta nuna masa shanu ta taga. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata wannan. A bayan uwarta ta koya, tun ita ma ana goyonta.

A babin da ya gabata mun yi maganar tafiya da yara a mota da babur da kwalekwale. Yanzu za mu hau sama. Na san za a ce, ina ruwan mutumin Bagega ko Nasarawar Burkullu da ƙaramin jirgi? Tambaya ce mai kyau. A Anka da Gummi da Bukkuyum babu filin jirgi. Mai son tashi sai ya nufi Sakkwato, filin Sultan Abubakar na Uku, ko Birnin Kebbi, ko Gusau inda aka ƙaddamar da aikin babban filin jirgi a 2024. Amma tun 1925 da jiragen sojin Ingila guda uku suka sauka a Kano, ƙananan jirage ba su bar sararin ƙasar Hausa ba. Da su ake koya wa matuƙa tuƙi a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, da su ake kai likitoci asibitin Galmi a Nijar, da su ma'aikatan agaji suke zirga-zirga. Kuma idan ka ga ɗan talaka a cikin irin wannan jirgi, galibi lalura ce ta shigar da shi, ba yawon buɗe ido ba. Yaron da ya fi kowa buƙatar a kula da shi, shi ne iyayensa suka fi kowa rashin sanin abin da za su tarar.

Ni ma haka na shiga. Shekaru kaɗan kafin 2021, ’yar yayata mai shekara biyar ta karye a cinya, ɗorin bai zauna daidai ba, likita ya ce sai Abuja. Tafiyar yini guda a mota da irin wannan ƙafa azaba ce. Sai wani bawan Allah da ya yi shatar ƙaramin jirgi daga Sakkwato ya ba mu gurbi: ni, da yayata, da yarinyar, da ƙanenta ɗan wata takwas a baya. Yawancin abin da zan faɗa a nan, a safiyar wannan tafiya na fara ganinsa, daga baya na bi na tambayi matuƙa da likitoci dalilinsa.

Tsoro tun daga ƙasa yake farawa

Daren da za mu tafi, yarinyar ta ƙi cin tuwo. Da na matsa mata sai ta ce, "Kawu, irin wanda ka zuwa da dare za mu shiga?"

Wannan tambaya ta ɗan Zamfara ce. Yaron Kano ko Legas in ya ji ƙugin jirgi yakan fito waje ya ɗaga hannu. A ƙauyukanmu, shekarun nan na rashin tsaro sun koya wa yara cewa ƙugin jirgi yana tafe da labarin yaƙi. Sun ga manya suna yin tsit suna kallon sama. Wasu ma daga ƙauyukansu aka koro su suka zauna a sansanin ’yan gudun hijira cikin garin Anka. A watan Maris na 2021, bayan sace ’yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara, abin da ya ƙara wa jama'a zargin duk wani ƙaramin jirgi. Yaron da ya tashi cikin wannan ba za a kwashe shi kawai a jefa cikin jirgi a ce ya yi murna ba.

Abin da ya yi mana amfani shi ne gaskiya. Mun saba rarrashin yara da cewa "ba za ka ji komai ba", kamar yadda ake yi musu a bakin ɗakin allura. Daga ranar da yaro ya gane ƙarya aka yi masa, ya daina yarda da rarrashin. Na ce mata jirgin yana da ƙara kamar injin niƙa, zai yi gudu a ƙasa kamar mota sannan ya ɗaga, cikinta zai yi yar kamar a kan lilo, kunnenta zai toshe kamar ta nutsa a gulbi, kuma duk wannan ba ciwo ba ne, zai wuce. Na ce mata direban mutum ne kamar babanta, za ta gan shi, za ta gaishe shi. Da safe kuwa matuƙin ya durƙusa ya amsa gaisuwarta, ya bar ta ta taɓa fiffike tun ba a ta da inji ba. Gani ya kori ji. Minti biyar ɗin nan sun fi duk alewar da muka saya aiki.

A filin jirgi kuwa hannun yaro ba ya barin hannun babba. Farfelar jirgi in tana juyawa ba a ganinta, kuma yaro da gudu yake nuna murna. Ba a kusantar jirgi sai matuƙi ya yi izini, ba a kuma bi ta gabansa. Idan aka ce kowa ya hau sikeli, har jariri da jakar kunzugu, kada a ɗauka raini ne. Jirgin da ke ɗaukar mutum huɗu, irin Cessna 172, ko wanda ke ɗaukar goma da ’yan kai, irin Caravan, yana da iyakar nauyi, kuma inda kowa ya zauna yana shafar daidaiton tashinsa. Kujerar da matuƙi ya nuna ita ce kujerarku.

Kunne

A cikin kunnen kowa, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan kogo mai iska, da wata siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. In jirgi yana hawa, iskar waje tana raguwa, ta cikin kogon sai ta fita cikin sauƙi. In yana sauka, iskar waje tana ƙara nauyi tana danna dodon kunne ciki, kuma hanyar ba ta buɗewa sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma. Babba yana yin haka ba tare da ya sani ba. Hanyar yaro kuwa ƙarama ce, majina kaɗan ta isa ta toshe ta. Shi ya sa kukan jarirai a jirgi ya fi yawa lokacin sauka.

A nan muka yi kuskure. Jaririn ya sha nono ya ƙoshi tun muna sama, ya yi barci mai nauyi, muka ce alhamdulillahi. Da jirgi ya fara gangarowa Abuja sai ya farka da wani irin ihu, yana dukan kunne, ya ƙi karɓar nono don ciki a cike yake kuma zafi ya riga ya kama shi. Mai barci ba ya yawan haɗiyar yawu. Da mun sani, da an ɗan rage masa shan farko, a tashe shi kafin a fara sauka, ya kama nono yana tsotsa har taya ta taɓa ƙasa. Uwa mai shayarwa tana ɗauke da maganin kunne a jikinta, lokacin bayarwa kawai za ta sani. Sai ta roƙi matuƙi tun a ƙasa ya yi mata alama in ya kusa fara gangarowa.

Yaron da aka yaye a ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kai shekara huɗu ko biyar a ba shi abin tsotsa ko taunawa, dabinon da aka cire wa ƙwallo ko tuwon madara, a yi gasar hamma da shi. Kada a ba ɗan ƙarami alewa mai tauri ko gyaɗa, don jirgi na iya girgiza ta sarƙe shi. Ga kuma wata dama da babban jirgi ba ya bayarwa: a ƙarami kana iya magana da matuƙi. In ya san akwai jariri, yakan fara sauka tun daga nesa, a hankali, ƙafa 500 a minti ko ƙasa da haka. Yaron da ke fama da mura mai ƙarfi ko ciwon kunne kuwa, in tafiyar za ta ɗagu a ɗaga ta, in ba za ta ɗagu ba a nuna wa likita kafin a tashi.

Kunne yana da abokin gaba na biyu, wato ƙara. Masana sun sa 85 a ma'aunin ƙarfin sauti a matsayin inda ƙara take fara yi wa ji illa in an daɗe cikinta, kuma cikin ƙaramin jirgi mai farfela yakan kai 90 ko ya wuce. Matuƙa da kansu ba sa tashi sai da abin rufe kunne. Audugar da ake cusawa ba ta tare komai sosai, ƙananan robobin toshe kunne kuwa jariri na iya cirowa ya kai baki. Abin da ya dace shi ne marufin kunne mai kama da ƙoƙo biyu, daidai kan yaro. A tambaya tun kafin ranar tafiya ko akwai na yara a jirgin, a kuma sa wa yaron a gida ya saba, in ba haka ba zai fizge shi a sama.

Numfashi da jini

Wannan sashe nake so kowace uwa ta karanta sau biyu. Manyan jirage irin na alhazai ana matsa iska a cikinsu, ko da sun yi nisa a sama fasinja yana shaƙar iska kamar wanda ke kan tsauni mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Yawancin ƙananan jirage ba su da wannan tsari. Iskar waje ita ce ta ciki, kuma gwargwadon hawa gwargwadon raguwar oksijin da jini ke samu. Lafiyayyen yaro ba ya damuwa a tsawon da suka saba bi. Amma wane ne lafiyayye?

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, amosanin jini, kimanin 150,000 a shekara. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa su ne abubuwa uku da ke ta da wannan ciwo, kuma ƙaramin jirgi yana iya haɗa su duka a sa'a guda. Ga ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ke bari bayan damina, ga tamowa, ga ciwon haƙarƙari. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga jirgi sai likita ya auna jininsa ya amince, sannan a gaya wa matuƙi a fili, ya bi ƙasa-ƙasa ko ya tanadi tukunyar oksijin. Kunyar faɗin lalurar yaro ba ta da wuri a nan. In ana cikin tafiya aka ga leɓen yaro ko farcensa ya canza launi, ko ya yi laushi ba ya amsawa yadda ya saba, a taɓa kafaɗar matuƙi nan take.

Kamfanonin jirage da yawa ba sa ɗaukar jaririn da bai cika kwana bakwai ba. Al'adarmu ta riga su: ba a fita da jariri kafin suna, mai jego kuma sai ta yi arba'in. A ƙaramin jirgi wannan haƙuri ya fi dacewa, balle ga bakwaini, wanda huhunsa bai gama ƙwari ba.

Akwai kuma wani abu da mutumin Anka da Bukkuyum zai gane fiye da kowa a duniya. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ita ke kashe yara a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da ’Yargalma da Tungar Guru. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani, Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. To, fetur ɗin da ƙananan jirage masu injin fistin ke sha, wani mai ruwan shuɗi, har yau da dalma a cikinsa. Duniya ta gama raba man mota da dalma a 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da shi, amma na jirage ya rage, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana a 2023 cewa hayaƙinsa haɗari ne ga lafiyar jama'a. Tafiya guda ba za a kwatanta ta da ƙurar Dareta ba, kuma jirage irin Caravan kananzir suke sha, babu dalma. Duk da haka, mu da muka binne ’ya'ya saboda wannan guba ba ma raina kaɗan ɗinta. A nisanta yara daga inda ake zuba mai, kada su shafa cikin jirgi ta ƙasa ko bakin hayaƙi, a wanke musu hannu kafin su ci wani abu.

Ciki, sanyi da ɗamara

Iska ma tana da gargada. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama gungu-gungu, ƙaramin jirgi ya riƙa tsalle a kanta kamar mota a titin da ya farfashe. A bazara, daga hantsi zuwa la'asar, abin ya fi tsanani. A damina hadari yakan taso da yamma, a hunturu hazo kan hana tashi gaba ɗaya. Mai tafiya da yara sammako ne nasa. Mu da sanyin safiya muka tashi, jirgin yana tafiya kamar a kan tabarma.

Jiri da tashin zuciya sun fi kama yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu, jarirai ba su cika yi ba. Dalilinsa saɓani ne tsakanin ido da kunnen ciki: ido ya ce a zaune ake, kunne ya ce ana lilo. Don haka kallon waya ko littafi yana ƙara shi, kallon nesa ta taga yana rage shi. Kada yaro ya tashi da yunwa, kada kuma a cika masa ciki da ƙosai ko fura mai nauyi. Ɗan kunu da burodi sun wadatar. A riƙe leda da tsumma da kayan canji a hannu, kada a sa su cikin jakar da aka ɗaure a baya. In ya yi amai a share, a ce masa sannu, kada a yi masa faɗa a gaban baƙi. A kai shi bayi kafin a shiga, don yawancin waɗannan jirage ba su da makewayi.

Ina roƙon iyaye da babbar murya: kada a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Na ji ana yin haka a motocin haya, kuma a sama ya fi muni. Maganin yana rage ƙarfin numfashi a inda iska ta riga ta yi ƙaranci, yana hana haɗiyar yawu, yana kuma ɓoye laushin da ya kamata uwa ta gani. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma sauran masu sa barci suna nan a kowane kemis. In likita bai rubuta ba, a bar su.

Sanyi kuma yakan zo wa mutane ba zato. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Ka bar Sakkwato a Afrilu ana digiri 40, a mita 3,000 waje kusan 20 yake. A ƙasa kuwa, kafin a ta da inji, cikin jirgi kamar tanda yake. A sa wa yaro kaya marasa nauyi, a riƙe rigar sanyi da hula da safa, zanin goyo ya zama mayafi.

Saura maganar da ta fi wuya a gaya wa uwa. Yayata ta so ta shiga da goyonta a baya, ta ɗaure majanyi tamau. Matuƙin ya ce a'a. Ta kalle ni ta ce, "Ai nan ya fi zama lafiya." A ƙasa gaskiyarta ne. A kujerar jirgi, goyo yana tsakanin bayan uwa da ƙarfe, in aka yi tsalle nauyinta a kansa zai sauka. Haka kuma ba a haɗa uwa da ɗa cikin bel guda. Doka ta yarda a riƙe wanda bai kai shekara biyu ba a cinya, amma a yi lissafi: in jirgi ya yi tsayuwar bazata mai ninka nauyi sau goma, yaro mai kilo 10 ya zama kilo 100, buhun gero guda, kuma babu hannun da zai riƙe buhun gero yana fizga. Inda hali ya yi, kujerar yara irin ta mota, wadda aka amince da ita a jirgi, a ɗaure ta a kujerarta daban, ita ta fi. Inda babu, a tambayi matuƙi ko yana da ƙaramin bel na jarirai. Wanda ya haura shekara biyu kujerarsa daban, bel ɗinsa a ƙugu, ba a kwancewa sai inji ya mutu. A zaunar da yaro nesa da mariƙin ƙofa da maɓallan tuƙi, babba a gefensa.

Taga

Duk wannan tanadi don abu guda ake yinsa, don yaro ya samu sukunin leƙa taga. Bayan mun karanta addu'ar hawa abin hawa tare, jirgi ya ɗaga, yarinyar ta ƙanƙame hannuna ta runtse ido. Na bar ta. Can ta buɗe ɗaya. Hanyar Sakkwato zuwa Abuja in an miƙe ta kan yammacin Zamfara take bi, kuma ƙaramin jirgi ba ya yin nisan da ƙasa za ta ɓace. Ba a yi rabin sa'a ba sai ga Gulbin Zamfara yana walƙiya, fadamu kore shar a gefensa, garuruwa kamar an watsa tsaba a faifai. Na ɗaga marufin kunnenta kaɗan na ce, "Ga gulbinku can." Ta manna goshi a gilashi ta ce, "Kawu, ina gidan Inna?" Muka shiga nema. Muka ƙirga garken shanu, muka bi wata mota da ido har ta shige kurmi, muka yi gardama a kan wani gajimare ko raƙumi ne ko tulu. Kusan sa'a biyu ba ta tuna da ƙafarta ba.

Ba mu ɗauki abin wasa ko ɗaya ba, kuma ba mu buƙace shi ba. Abin da uwa take yi a motar Gummi, ta nuna wa ɗanta shanu ta taga, shi ne dai ya yi aiki a ƙafa dubu bakwai. Ilimin iyayenmu mata bai gaza a sama ba. Ƙari kawai yake so: a san lokacin ba da nono, a rufe kunne, a auna jini, a kwance goyo a ɗaura bel.

Ƙafar ta warke, a mota muka dawo. Watanni bayan haka na je gaishe su, muna zaune a tsakar gida da yamma sai aka ji ƙugin jirgi daga nesa. Yara suka yi cirko-cirko, wani ƙarami ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa. Yarinyar ta tashi ta je ta kamo hannunsa, ta saurara kaɗan, ta ce masa wannan mai farfela ne irin wanda ta shiga, mutane ne a ciki, wataƙila ma da jariri. Sannan ta shiga koya masa yadda ake hamma don kada kunne ya toshe.